Kundin yaƙi da ƙuda a garkenmu, daminar 2024

Asabar, 18 ga Mayu

Ruwa ya zauna a gefenmu na Zariya, ƙasa ta sha, ƙuda kuma ya fara taruwa. Abin da ke garken yanzu: shanun tatsa da maruƙansu, bijimai na turke, ragunan da muke shiryawa saboda Babbar Sallah, sai awakin matan gida. Mun yanke shawara ni da Baffa, wanda shi ne kullum yake tare da dabbobin, cewa bana ba za a yi feshin maganin ƙwari a garke ba. Madarar nan gidajen mutane take shiga, yara ke sha. Maganin ya yi tsada, ƙudan kuma ya raina shi, a fesa yau jibi ya dawo. Rigakafi da maganin likita idan dabba ta kwanta ba sa cikin wannan alkawari, suna nan yadda suke.

Aikin farko shi ne sanin da wa ake faɗa, don ƙudan garke ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙudan gida, mai lasa, wanda ke bin ido da hanci da hantsa da ƙwaryar nono. Akwai wani mai girmansa da launinsa, sai ka matsa kusa za ka ga bakinsa tsinke ne a miƙe ta gaba. Shi jini yake sha, macen da namijin duka, kuma ƙafafun gaba na saniya ya fi so. Shi ne ke sa shanu buga ƙafa da cunkushewa wuri guda su bar ci. A nan zan riƙa kiransa ƙudan cizo. Akwai bobuwa, ƙatuwa, mai fitowa daga fadama da tsakar rana. Sai koren ƙuda mai sheƙi, na mushe da gyambo.

Ma'auninmu mai sauƙi ne. Da hantsi ana tsayawa gefen saniya a ƙirga ƙudan cizon da ke ƙafafunta na gaba. Masana kiwo suna cewa idan ya kai biyar a ƙafa guda, an fara asarar nama da madara. Yau babu wadda muka duba ba ta ninka haka ba.

Asabar, 25 ga Mayu

Yau tono muka yi. Na ɗauki shebur, yaron garke ya ɗauki fartanya, muka bi wurin kusurwa-kusurwa muna neman inda tsutsar take.

Kashin shanun da ke tsakar fili, wanda rana ta buga ya yi ɓawo, kusan babu komai a cikinsa. A ƙarƙashin kwamin bijimai abin yake. Dusa tana zubewa, guntun harawa yana faɗawa, ruwan sha yana fantsama, fitsari yana gangarowa, dabba ta tattake, duk ya zama wani baƙin curi mai ɗumi da tsami. Daga sama busasshe ne, ba ka ce komai ba. Da yaron ya ɗaga shi da fartanya, kaurin yatsa uku a ƙasa, sai farar tsutsa tana motsi, tana gudun haske tana nutsewa. Can gefe inda ƙasar ta fi bushewa, jikin bulo, ga waɗanda suka riga suka ƙulle kansu a ɓawo, jajaye-jajaye kamar kashin ɓera, a jere. Na matse ɗaya, ƙuda ne a ciki ya kusa fitowa. Mun sami irin wannan a wuri na biyu, bayan rumfar maruƙa inda ake jibge shimfiɗar da ta jiƙe, da na uku, bakin famfo.

Lissafin kuwa ga shi. Macen ƙudan gida tana zuba ƙwai sama da 100 a zama ɗaya, kuma tana maimaitawa. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana guda. A zafi irin namu, daga ƙwai zuwa ƙuda mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Ƙudan cizo ya fi jinkiri, mako biyu zuwa uku, kuma shi bai damu da zallar kashi ba, ruɓaɓɓiyar ciyawa da ta sha fitsari yake so. Duk abin da ya kwana goma a jiƙe a garke ya riga ya haifa mana sabon ayari.

Baffa ya tsaya yana kallo, ya ce, “Ɗana, ashe mu ke kiwonsa, har da ba shi dusa.”

Asabar, 1 ga Yuni

An kwashe wuraren nan uku har sai da aka taɓo jar ƙasa. Mun zuba burji, muka daddaɓe, muka yi masa gangara zuwa wata 'yar kwata da ta fita bayan shinge. An ɗora kwamin a kan bulo yadda tsintsiya za ta shiga ƙarƙashinsa. Famfon ya sami sabuwar roba, ya daina ɗiga.

Ka'idar da muka kafa: Talata da Asabar ana kwashe garke kakaf da baro, ba sharar sama-sama ba. Tazarar ba ta kai mako ba, don haka tsutsa ba ta samun damar kammalawa. Inda dabba ke yawan fitsari ana barbaɗa toka daga madafi, a bi da ɓuntun shinkafa da muke ɗebowa daga injin casa. Amfaninsu shi ne tsotse danshi. Ban ɗauki toka a matsayin guba ba, kuma idan aka zuba ta a kan caɓi ba tare da an kwashe ba, aikin banza ne.

Jujin takin ya tashi daga jikin shinge ya koma ƙarshen gona. Tara shi kawai ba ya isa, don juji a buɗe gidan ƙuda ne babba. Muna gina shi ne tudu mai tsayin ƙugu, gefunansa a miƙe, a buga shi da bayan shebur, a lulluɓe da baƙar leda mai kauri, a danne bakin ledar da ƙasa duk kewaye. Danne bakin nan ne muhimmi. Tsakiyar juji tana yin zafin da ya haura digiri 50, wanda tsutsa ba ta jurewa, sai ta gudo gefe inda ya fi sanyi ta ƙulle a can. Idan ledar ta rufe har ƙasa, ba ta da wurin gudu, ƙudan da ya fito ma ba shi da hanyar fita. Ba mu da ma'aunin zafi. Rodi muke cusawa tsakiya, a bar shi ɗan lokaci, a zaro. Idan hannu bai iya riƙe bakinsa ba, jujin yana aiki.

Asabar, 8 ga Yuni

Tarkon gora. A yanke robar ruwa ta wajen kafaɗa, a kifa bakin ya kalli ciki, a zuba abin jan ƙuda a gindi. Ya shiga ta ƙaramar ƙofa, ya rasa hanyar fita.

Mun gwada ruwan sukari da yis, ya kama, amma har da ƙudan zuma, kuma maƙwabcinmu yana da amya. Na cire shi. Hanjin kifi da ruwa kaɗan ya fi komai, sai dai warinsa ba a magana. Daddawa da aka jiƙa ta kwana biyu tana biye masa, ita hanci yana iya ɗauka. Baffa ya ɗaga gora guda da ta yi baƙi ƙirin ya girgiza, ya ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu.

Kada a rataye shi a cikin garke ko kusa da wurin tatsa, don kira yake yi. Namu suna jikin bishiyoyin bayan shinge da kusa da juji. Ana juye su a rami a binne kafin mako ya cika, in ba haka ba tsutsa ta fara a ciki. Ƙudan gida da koren ƙuda kawai yake kamawa. Ƙudan cizo ko kallonsa ba ya yi, shi da yake neman jini.

Talata, 18 ga Yuni

An yi Sallah ranar Lahadi 16 ga wata. Ragunan sun tafi sai kaɗan, garke ya yi sauƙi. Amma unguwa gaba ɗaya ta cika da koren ƙuda: jini a kwata, kayan tumbi a bola, fatu a shanye. Namu mun haƙa rami tun jajibiri, jini da abin cikin tumbi suka shiga, aka rufe da ƙasa mai kauri a ranar.

Koren ƙuda ne ya fi ba ni tsoro, don wani irinsa a jikin dabba mai rai yake zuba ƙwai. Ƙaramin rauni ya ishe shi: inda igiya ta goge, inda kaska ta faɗi, cibiyar ɗan maraƙi. Yanzu kowace safiya kafin a sake su ana duba gindin ƙaho, kunne, ƙarƙashin wutsiya da tsakanin kofato. An sami wani ɗan akuya da tsutsa a gindin kunne. Aka cire su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, aka wanke da ruwan gishiri, malamin dabbobi ya zo ya sa magani. Maraƙin da aka haifa jiya an tsoma cibiyarsa a aidin.

Asabar, 29 ga Yuni

Ƙirgen ƙafa ya sauka, amma bai kai inda nake so ba. Ƙudan gida kuwa ya ragu yadda mai tatsa ta lura da kanta, ta ce yanzu tana iya ajiye ƙwarya ta juya ba tare da ta tarar da gawa a kan kumfa ba.

Mun buɗe wa kaji da zabi ƙofa zuwa garke. Da an ɗaga shimfiɗa ko an motsa kwami, suna biye da shebur, ba sa barin tsutsa ko ɗaya a fili. Tonon da kaza ke yi ma yana baza kashi ya bushe da wuri. Zabi sun fi yawo, sun fi son bin shanu cikin ciyawa tare da balbelu.

Agwagi ne suka ba da mamaki. Agwagwar gida, mai jan fuskar nan, ƙudan kansa take kamawa. Sai ta miƙe wuya ƙasa-ƙasa, ta tako a hankali, ta cafke shi a jikin bango ko a bayan maraƙin da ke kwance. A Kanada an taɓa gwada irin wannan agwagwa a ɗakin maruƙa, aka ga tana rage ƙuda ƙwarai. Abin da za a yi hattara da shi shi ne ruwa. Idan ta sami kwamin shan dabbobi za ta shiga ta yi wanka ta ɓata shi, ta jiƙa ƙasan da muka sha wahalar busarwa. An ɗaga kwamin ruwan, an ajiye musu tsohuwar taya da aka raba biyu can nesa. Tsaki kuma sai an tsare su daga shirwa, don garke fili ne.

Asabar, 13 ga Yuli

Tarkon yadi ya iso daga wajen tela. Wannan shi ne na masu cizo.

Asalinsa daga yaƙi da ƙudan tsando ne, mai kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. Masu bincike sun gano cewa shuɗi mai haske yana jawo ƙudan da ke shan jini daga nesa, baƙi kuma yana sa shi ya sauka. Idan ya tashi daga kan baƙin, sama yake nufa wajen haske, sai ya faɗa cikin raga. Akwai samfuri da dama. Wanda ake kira Vavoua an ƙirƙiro shi a Kodebuwa, sunan wani gari ne a can. Wanda ake kira Nzi an fito da shi a Kenya, a cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE da ke Nairobi. A nan gida, cibiyar binciken sammore da ke Kaduna, wadda aka kafa tun 1947, ta daɗe tana aiki da tarkuna irin waɗannan a dazukan da tsando yake. Mu ba mu da tsando a wannan gefen, amma tarkon yana kama ƙudan cizo da bobuwa.

Vavoua muka ɗinka don ya fi sauƙi. Sanda ce a tsakiya, da fuka-fukan yadi uku da suka haɗu a jikinta, kowanne ɓangaren waje shuɗi, na ciki baƙi. A sama hula ce mai tsini ta gidan sauro, da zoben waya a bakinta, a ƙololuwa kuma gora ce da ƙudan ke taruwa a ciki rana ta kashe shi. Da na kai wa telan zanen ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, “Malam, wannan rigar wa za a sa wa?” Neman launin ne ya ci lokaci a kasuwar Sabon Gari. Shuɗin da ya yi duhu kamar na rini ba ya ja, mai ƙyalli irin na leda ma haka. Shuɗi tsantsa ake so, mai haske, a yadin da ba ya sheƙi.

An kafa tarkunan a fili inda rana ke bugawa, tsakanin garke da hanyar fadama, gindin yadin bai kai tsayin gwiwa daga ƙasa ba, don ƙudan cizo ƙasa-ƙasa yake tashi. An kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. A gindinsa akwai gwangwani da fitsarin shanu da ya kwana biyu a jarka. Warinsa yana ƙara jawo bobuwa.

Asabar, 20 ga Yuli

Gorunan tarkon yadi suna tara ƙudan cizo kullum, bobuwa jefi-jefi. Wanda ke kusa da shingen da suke hutawa bayan sun sha jini ya fi kamu nesa ba kusa ba, don haka an matso da ɗayan. Tururuwa ta gano gorar, an shafa man inji a sandar. Ƙirgen ƙafa ya sauko wajen biyar, wasu shanun ƙasa da haka.

Asabar, 3 ga Agusta

Yara sun tsinto 'ya'yan dogon yaro buhu guda. An wanke, an shanya a inuwa, an fasa, an daka ƙwayar. Awon da aka saba shi ne gram 50 na dakakkiyar ƙwaya a litar ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu don ya kama jiki.

Ga abin da na gani, kuma a nan na saɓa da masu cewa dogon yaro maganin komai ne. A jikin saniya, korar da yake yi ba ta wuce rabin yini, idan aka yi ruwa kuwa ko hakan ba a samu. Ya isa a shafa a ƙafafu kafin tatsa don ta tsaya cak, amma ba a kai shi kan nono, don ɗacinsa yana shiga madara. Inda yake da ƙarfi shi ne a kan tsutsa. Sinadarin da ke cikin ƙwayar yana hana ta saɓa, ba ta kai ga zama ƙuda. Saboda haka yanzu ruwan da tukar duka suna tafiya ne wuraren da ba sa bushewa: bakin kwata, gindin turke, gefen juji. Ganyen bai kai ƙwayar ƙarfi ba ko kusa.

Hayaƙi kuwa fannin Baffa ne, ba ya son a sa masa baki. Da la'asar sakaliya yana hura busasshen kashin shanu ta inda iska ke fitowa, idan ya kama ya danne shi da ɗanyen ganyen dogon yaro, ɗoɗɗoya da ganyen turare, wuta ta mutu hayaƙi ya tashi fari. Shanun da kansu suke tahowa su jeru a cikinsa, su runtse ido suna tuƙa. Makiyaya sun gaji wannan tun kaka da kakanni, kuma yana aiki, har sauro da ƙananan ƙwarin dare yana kora. Sai dai ba ya kashe ko ɗaya, da ya lafa sun dawo. Abin da na roƙa kawai shi ne kada a yi shi a rumfar maruƙa mai rufi, saboda tari, kuma a nisanta shi da rumbun harawa.

Asabar, 17 ga Agusta

Marka. An yi kwanaki rana ba ta fito ta kirki ba, komai ya koma baya. Burjin da muka daɓe ya nutse a gaban kwamin bijimai, baro ba ya tafiya, sai da kwando ake kwasa. Iska ta yaye ledar sabon juji, ruwa ya shige shi, rodin ya fito da sanyi. Da aka buɗe gefensa tsutsa ce fal. Mun baza wa kaji ɓangaren da ya lalace, sauran aka cakuɗa da ɓuntu da busasshen kara aka sake ginawa, aka ɗora tsofaffin tayoyi a kan ledar. An mayar da bijimai turke a kan tudu, ana canza musu wuri kafin ƙasa ta caɓe.

Ƙirgen ƙafa ya koma sama, kusan inda muka fara.

Bobuwa ta yi yawa, kuma ita babu abin da shara za ta yi mata, don a taɓon fadama da bakin rafi take haihuwa, ba a garke ba. Macen ce ke cizo, tana yanka fata ne, jini ya biyo, ƙudan gida ya zo ya taru a wurin. Saniya ta kore ta kafin ta ƙoshi, ta tashi ta sauka a kan ta kusa da jini a baki. Ta haka ita da ƙudan cizo suke iya ɗaukar wani nau'in sammore daga dabba zuwa dabba ko a inda babu tsando. Abin da muka iya shi ne canza lokacin kiwo: a shiga fadama da sassafe, a fito kafin rana ta take, a yini a tudu.

Maruƙa biyu sun kamu da ciwon ido, hawaye da farin gajimare a ƙwayar. Ƙudan da ke shan hawaye ne ke yaɗa shi. An ware su a inuwa, likita ya yi musu magani. Akwai kuma wata karsana da ke ramewa, gashinta ya tashi, likitan ya ɗebi jininta ya tafi da shi.

Asabar, 31 ga Agusta

Sakamakon karsanar ya fito, ba sammore ba ne, tsutsar ciki ce ta yi mata yawa. A nan muka ɗan yi muhawara da likitan a kan maganin. Allurar ivermectin ce kowa ya saba da ita, tana da sauƙi, tana aiki. Amma tana fita ta kashi da ƙarfinta, kuma tana kashe 'ya'yan buzuzu. Buzuzu kuwa ma'aikacinmu ne da ba a biya. A makiyaya yanzu, kashin da saniya ta yi da yamma, da safe za ka tarar ya zama tarin ƙasa mai laushi da ramuka a ƙarƙashi, sun ja shi ciki kafin ƙuda ya mora. Na ce, “Likita, in akwai wanda zai yi aikin bai taɓa su ba, shi nake so.” Ya ba da na ɗurawa, albendazole, ya ja kunne cewa ba a ba saniyar da ba ta daɗe da ɗaukar ciki ba, kuma a kiyaye kwanakin da ba a shan madarar wadda aka ba. Ya ƙara da cewa ranar da ƙazuwa ta shigo garke, allurar nan zai yi ko buzuzu ya ji haushi. Na yarda.

Wani gwaji na nishaɗi. A 2019 masu bincike a Japan sun yi wa baƙaƙen shanu zanen fari irin na jakin dawa, suka ga ƙudan da ke sauka a kansu ya ragu da kusan rabi. Shanunmu Bunaji ne, farare, kuma dama mun lura ƙuda ya fi dafe wa jan bijimin nan da baƙar akuya. Na kwaɓa farar ƙasa na zana wa bijimin. Yaran unguwa suka cika shinge suna dariya. Baffa ya ce, “Ɗana, wanke shi kafin wani ya gani ya kai kasuwa cewa mun yi wa sa asiri.” Ruwan dare ya riga mu wankewa. Awannin da zanen ya yi a jikinsa sun yi kaɗan a ce ga abin da ya haifar, kuma farar ƙasa ba za ta zauna a damina ba. Na ajiye shi.

Asabar, 21 ga Satumba

Rana ta dawo, garke ya bushe, ƙirge ya faɗi ƙasa da biyar a yawancin shanun ba tare da mun ƙara wani sabon abu ba. Talata da Asabar ɗin nan dai ba a fasa ba.

Haɗarin yanzu kayan gona ne. An fara cire gyaɗa, ana yanko ciyawa, kowa yana son ya tara. Harawar da aka jibge a ƙasa da danshinta, ƙasanta yana ruɓewa, kuma wannan shi ne abincin tsutsar ƙudan cizo. An kafa rumfa ta itace, komai yana hawa sama. Ɗanyar ciyawar da ake zuba wa bijimai an rage ta zuwa abin da za su cinye, ragowar ana kwashewa da yamma.

A tsohon juji, wajen da matan gida ke zuba ɓawon kayan miya da dusar da ta yi tsami, na ga wata tsutsa daban: babba, faffaɗa, ruwan ƙasa, fatarta da tauri. Ta baƙin ƙudan nan ce dogo da za ka ɗauka zanzaro ne, wanda masu kiwon kifi da kaji suke renon tsutsarsa. Ba ya cizo, ba ya bin abinci ko idon dabba, kuma inda tsutsarsa ta yi yawa ta ƙudan gida ba ta samun wuri. Na hana a zuba ruwan dogon yaro a wannan kusurwar. An kifa mata tsohon kwando don kaji su bar wasu.

Asabar, 12 ga Oktoba

Shuɗin tarkunan ya koɗe ya koma fari-fari, kamun ya ragu. Gidan sauron ɗaya ya yage. Bobuwa tana nan a bakin fadama, ƙarshen damina lokacinta ne, don haka ba a koma kiwon rana a can ba tukuna. An juya yadin ciki ya koma waje, zai kai mu ƙarshen wata.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Iskar hunturu ta fara, kashi yana bushewa a yini guda. Ƙudan cizo sai an nema. Na gida yana nan kaɗan wajen wurin tatsa da bakin famfo, tarkon gora biyu sun ishe shi. An rage kwashe garke zuwa Asabar kawai, ban da ƙarƙashin kwami, shi kullum ne.

An buɗe jujin farko na watan Yuni. Ya yi baƙi, ya yi laushi, ba wari, ba tsutsa, ya zaftare zuwa kusan rabin tsayinsa. Za a kai shi fadama don albasa da tumatir na rani. Na watan Agusta da ruwa ya shiga bai nuna ba, an juya shi an yayyafa ruwa an sake rufewa.

An wanke tarkunan yadi an naɗe. Abin da ke jiran kuɗin kaka: daɓen siminti a ƙarƙashin kwamin bijimai da faɗin taku biyu a gabansa, da indararo a rumfar maruƙa don ruwan rufi ya daina zuba cikin shimfiɗa. Baffa yana son a yi daɓen kafin a ɗaure bijiman azumi, ni kuma ina son a fara da indararon tunda ya fi araha. Magini zai zo ranar Litinin ya auna duka biyun.